Nasara da Kuskure a Harsunan Kwamfuta



Duk aikin da aka sa kwamfuta, ko dai ya yiwu, ko kuwa ya faskara. Misalinsa kamar masinja ne da aka aika ya ɗauko fayil: ko ya kawo shi, ko ya faɗi dalilin rashinsa. Babban haɗari shi ne ya ajiye bangon fayil ba kome ciki, ya yi shiru, ba a farga ba sai an kai gaban shugaba.

Haka al'amarin yake a harsuna da dama da ake rubuta wa kwamfuta umurni da su. A harshen C, alal misali, idan buɗe fayil ya faskara, abin da kan dawo shi ne wata alama mai nufin babu, wadda ake kira null, ba kuwa abin da ke tilasta wa marubuci ya duba ta. Tony Hoare, masanin nan na Ingila wanda ya shigar da ita cikin harshen ALGOL W a 1965, ya amsa a 2009 cewa kuskure ya tafka, wanda a ƙiyasinsa ya ci dala biliyan guda.

Maganin ya samo asali ne daga Jami'ar Edinbara, inda aka ƙirƙiro harsunan ML da Hope a shekarun 1970. Ana kiransa nau'o'in bayani na aljabara, saboda ana gina su ne bisa sau da tarawa. Idan bayani ya ƙunshi ranar mako da kuma amsar i ko a'a, yana da fuska 14, watau 7 sau 2. In kuwa ɗayansu kaɗai zai zama, fuskokinsa 9 ne, watau 7 a tara da 2. Wannan na biyu shi ya dace da sakamakon aiki, domin nasara da kuskure ba sa haɗuwa a amsa ɗaya.

Harshen Haskell ya tanadi nau'in Either don wannan. Rust kuwa, wanda ya kafu sosai a 2015, yana da Result mai reshe biyu: Ok yana ɗauke da abin da aka nema, Err yana ɗauke da dalilin faskara. Idan marubuci ya zo warware amsar ya manta da reshe ɗaya, tafintan da ke juya rubutunsa zuwa harshen inji zai ƙi karɓa tun kafin aiki ya soma.

Wannan tsari bai hana kuskure aukuwa ba, malalaci ma yana da hanyar kauce masa. Amma fa sai ya rubuta hakan da hannunsa, inda mai bincike zai gani. Ga na'urar da ke lissafin albashi ko ajiyar banki, gara kuskure ya bayyana a teburin marubuci da ya bayyana a aljihun talaka.