Wa Zai Karanta Wasiƙar Ɗan Kurfey Kafin Ta Tafi?

 

A Nijar, wanda ya ci bak ya nufi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko Jami'ar Boubakar Bâ ta Tilaberi, sakamakon jarrabawarsa ne ke yi masa magana. Amma da zarar ya nemi gurbin karatu a waje, sai a ce ya rubuto wasiƙa ya faɗi ko shi wane ne, me yake son karantawa, kuma don me. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wanda a 'yan shekarun nan ake buɗe rajistarsa daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, yana neman wannan bayani. Jami'o'in Amurka masu amfani da Common App sun tsayar da shi a kalmomi 650, hukumar UCAS ta Birtaniya kuwa haruffa 4,000 ta yarda da su. Fili ne ƙanƙani, mai karantawa kuma bai taɓa jin sunan Filinge, garinmu na Kurfey, ba. Ra'ayina shi ne, kafin wasiƙar nan ta bar hannun ɗalibi, wanda ya fi cancanta ya fara karanta ta abokin karatunsa ne, da sharaɗin ya tsaya a matsayin shaida, kada ya zama magatakarda.

Dalili na farko tarbiyyarmu ce. An rene mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma yaron kirki ba ya zama gaban manya yana lissafa abin da ya iya. Sai ga takarda tana neman ya yi hakan. Kunya ta hana shi faɗin nasa, sai ya fake da jimlolin da ba na kowa ba: yana son ilimi tun yana ƙarami, yana fatan bauta wa ƙasarsa. A ɗauki yaron da ke neman karatun likitancin dabbobi. Ya tashi a cikin Dallol Boso, ya shayar da shanu a rijiya, ya san yadda saniyar Azawak take ramewa a ƙarshen rani da yadda nononta ke dawowa bayan saukar damina, ya tsaya a kasuwar Lahadi ya ga dillali ya duba haƙoran bijimi ya rage masa kuɗi, ga kuma tashar kiwo ta Tukunus a arewa da garinsu Filinge. Duk wannan ba zai shiga wasiƙarsa ba, domin a idonsa aikin gida ne kawai. Mushe da ke koyar da ɗalibai masu yawa bai san wannan tarihi ba. Abokin da suke shan shayi tare a fada ya san shi sarai, shi ne zai ɗaga kai daga takardar ya ce: "Wane, ina labarin shanun babanka? Ban gan ka a cikin wannan rubutu ba."

Aikin abokin ke nan, kuma yana da iyaka. Ya karanta a bayyane mai wasiƙar yana saurare, domin kunne yakan kama jimlar da ido ya tsallake. Ya ajiye takardar ya faɗi abin da ya rage a kansa. In bai tuna komai ba, baƙon da ke Ankara ma ba zai tuna ba. Ya nuna inda ya ruɗe, ya yi tambaya. Alƙalami kuwa ya zauna a hannun mai wasiƙa.

Na san abin da za a ce. Za a ce makaho ba ya jan makaho: wanda Faransancinsa bai fi naka ba, me zai gyara maka? Gaskiya ne ba zai gyara nahawu ba, kuma ba a nema daga gare shi ba. Wannan aikin malami ne, a ƙarshe ake yinsa, bayan an san abin da ake son faɗi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a fara da goge harshe alhali wasiƙar ba ta ɗauke da komai. Za a kuma ce abokin naka abokin takara ne, gurbi ɗaya kuke nema, zai kwashe maka dabara. Wannan tsoro yana da tushe, amma ku lura da abin da ake iya sacewa: jimlar da ta dace da kowa. Ba wanda zai saci shekarar da wata yarinya ta yi tana karatu a gidan dangi a Filinge bayan rashin tsaro ya rufe makarantar ƙauyensu, kamar yadda ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi. In wasiƙarka ta satu cikin sauƙi, ba ta riga ta zama taka ba.

Sukar da ta fi nauyi ita ce ta maguɗi, kuma ban raina ta ba. Daga "gyara wannan kalma" zuwa "kawo in rubuta maka" tafiyar gajera ce, balle yanzu da samfurin wasiƙa ke yawo a WhatsApp, ChatGPT kuma ke zuba shafi guda kafin shayi ya tafasa. UCAS tana gwada kowane rubutu da waɗanda suka gabace shi, ta sanar da jami'a in ta ga kamanni. Inda ake ganawa da ɗalibi baki da baki, kamar a tallafin Turkiyya, tambaya biyu sun isa a gane wanda aka rubuta wa. Hana abokai karanta wa juna ba zai kashe maguɗi ba, sai dai ya mayar da shi ɓoye. Wanda yake da yaya a Yamai zai samu mai duba masa ko ta halin ƙaƙa. Ɗan manomin Kurfey ne zai tura tasa ba wanda ya gani.

Don haka ina roƙon shugabannin lise da malaman Faransanci da Ingilishi su ware zama tun watan Nuwamba, ɗalibai uku uku, mata da nasu rukunin in sun fi sakewa a haka, malami yana kewayawa. Ku kuma ɗalibanmu da ke jami'a, in kun zo hutu, ku zauna da ƙannenku ku saurari wasiƙunsu kafin Janairu.