Ire-iren Magungunan Asibiti: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Talakawa da yawa sun ɗauka duk ƙwayar da ta fito daga asibiti aikinta ɗaya ne. Wannan kuskure ya ci rayuka. Ya wajaba Hakimi da malamansa su san bambancin, gama su ne jama'a kan tambaya.

Akwai magani mai kashe ƙwayar cuta ita kanta. Mafi shahara shi ne fenisilin, wanda Alexander Fleming ya gano a Landan cikin 1928. Shi da danginsa suna warkar da ciwon huhu, da tunjere, da miki mai ruɓa, amma ba su taɓa mura ko ƙyanda, domin ƙwayoyin waɗannan wani iri ne dabam. Sharaɗinsa a sha yadda likita ya yanka. Mai tarin fuka wata 6 ya ke sha. Sau da yawa bayan wata biyu ya kan ji ƙarfi, ya koma gona, ya watsar da sauran. Ƙwayoyin da suka rage sai su farfaɗo, wani lokaci ma sun riga sun gagari maganin, ya kuma shafa wa iyalinsa. Zazzaɓin cizon sauro ma ya gagari kulorokwin, shi ya sa tun 2005 Nijeriya ta koma ga haɗin atemisinin, wanda a ke sha kwana 3.

Akwai kuma mai rage zafi kawai, watau irin su farasitamol da asfirin. A nan a ke yawan ruɗewa. Yaro na zazzaɓi, a ba shi farasitamol, jiki ya yi sanyi, uwa ta ce ya warke, alhali cutar na nan tana cin jininsa. A kai shi a gwada jini. Asfirin kuwa ba a ba yara ƙanana.

Maganin hawan jini, da ciwon sukari, da farfaɗiya, danne cutar ya ke yi. Wanda ya bari ba da izinin likita ba, za ta taso masa.

Rigakafi shi kaɗai ne a ke yi wa mai lafiya, abin da ke sa waɗansu zargi ke nan. Amma da lamba aka kawar da agana daga duniya, aka tabbatar da haka cikin 1980. In masu rigakafi za su shiga gunduma, sai malami ya rubuta wa dagatai ranar tun da wuri, su kuma su sanar da masu unguwanni a fito da yara.