Kalmar "Noma": Ma'anarta da Asalinta



A ofis, in an ce noma, ana nufin dukkan aikin gona, tun daga sassabe har zuwa girbi. Amma a bakin manomi kalmar ba ta kai wannan faɗi ba. Shi a wurinsa shuka daban, huɗa daban, noma kuwa shi ne kashe ciyawa da fartanya bayan shuka ta tsiro. Na farko shi ne firi, na biyu maimai. Saboda haka idan malamin gona ya ji Bahaushe ya ce bai yi noma ba tukuna, kada ya rubuta cewa gonar tana kwance. Watakila geronsa har ya kai gwiwa, ciyawa ce take neman cinye shi. Wannan aiki shi ya fi kowane cin ƙarfi, shi ya sa sunansa ya rufe sana'ar duka, har aka sami manomi, da noman rani, da Sarkin Noma mai dami dubu. Ana yi masa kirari da "na duƙe", ko da yake a ƙasar rairayi irin ta Damagaram a tsaye ake yinsa da doguwar hauya.

Game da asali kuwa, alkama da albasa sunayensu na Larabci ne, aro muka yi. Noma ba haka ba ne. Balarabe zira'a yake cewa, mu kuwa ba mu karɓa ba, domin ta tarar da tamu kalmar a gida.