Zaman Tare a Minawao: Jawabin da Aka Gabatar a Taron Wayar da Kai na Shugabannin Bulok

 

Tun da aka buɗe wannan sansani a shekarar 2013, mutanen da a da ba su taɓa haɗa maƙwabtaka ba suka wayi gari ɗakunansu na kallon juna. Akwai na Gwoza, akwai na Bama da Banki. Akwai Barebari, Mafa, Glavda, Fulani, Shuwa da Hausawa, Musulmi da Kirista. Babu wanda ya zaɓi maƙwabcinsa, masifa ɗaya ce ta koro mu duka. Hausawa kuma sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Saɓani dole ne, abin da muke gudu shi ne ya zama gaba.

Mu fara da famfo, domin a nan yawancin rigima ke tashi. Mace ta ajiye jarkarta tun asuba, wata ta zo ta matsar. Kafin a ankara an bar maganar layi an koma zagin ƙabila, da yamma kuma maza sun shigo ciki. Iyayenmu mata, idan aka yi muku ba daidai ba, ku faɗi laifin da aka yi, ku kira mai kula da famfon. Kada a haɗa da yaren mutum ko addininsa.

Na biyu, al'ada. Wani ba ya musabaha da matar da ba muharramarsa ba, wani kuma a wurinsa ƙin miƙa hannu raini ne. Sutura ta bambanta, abinci ya bambanta, yadda ake biki da makoki ma haka. Idan ka ga abin da ba ka saba gani ba, ka tambaya kafin ka yanke hukunci. A ranar Juma'a a girmama masu zuwa masallaci, ranar Lahadi a girmama masu zuwa coci. Yarjejeniyar 1951 kan 'yan gudun hijira ta ba kowa 'yancin yin addininsa, ta kuma ɗora wa kowa nauyin bin dokokin ƙasar da ta karɓe shi.

Na uku, masu masaukinmu. Mutanen ƙauyukan da ke kewaye da mu sun raba ƙasarsu da ruwansu da mu. Itacen da muke sara su ma da shi suke girki, gonar da dabbobinmu suka shiga ita ce abincin 'ya'yansu. A nemi izini kafin a shiga gonar kowa, a kuma kula da bishiyoyin da aka dasa a sansani.

Na huɗu, maganar komawa gida, wadda ke raba kan 'yan'uwa har a cikin gida ɗaya. Yarjejeniyar da Kamaru da Najeriya da HCR suka sanya wa hannu a watan Maris na 2017 ta ce komawa sai da son ran mutum. Wanda ya rubuta sunansa zai koma bai ci amanar kowa ba. Wanda ya ce zai dakata ba matsoraci ba ne, shi ya san abin da idonsa ya gani. Maigida ya saurari matarsa da manyan 'ya'yansa kafin a yanke shawara.

Idan saɓani ya taso, a kai wa shugaban bulok ko dattawa tun yana ƙarami. Abin da ya shafi duka, fyaɗe ko barazana ga rai ba a sasanta shi a gida, a kai shi ofishin kariya ko wurin jami'an tsaro. Jita-jitar da aka turo maka a waya, kada ka tura wa wani sai ka tabbatar.

Yaranmu suna jin duk abin da muke faɗa game da maƙwabta, kuma da shi za su koma gida wata rana. Mu kula da harshenmu a gabansu.

Kowa ya isar da wannan saƙo ga mutanen bulok ɗinsa. Allah ya ba mu zaman lafiya.