Jawabi: Maganin ƙwari da 'ya'yanmu da ke makaranta

 

Maganar yau ba ta burtali ko rijiya ba ce, ta yara ce. Da yawa daga cikinmu sun sa 'ya'yansu makarantar boko, wasu ma a makarantun kwana inda ake dafa musu abinci. Mu tafi da bisashe nesa, yaro ya yi wata da watanni a hannun malamai. Abin da ya ci da abin da ya sha, ba mu gani. Don haka dole mu san abin da ke tsare shi daga guba idan ba mu nan.

Bari mu kawo muku labari biyu na gaskiya. A ranar 16 ga Yuli 2013, a wani ƙauye na jihar Bihar ta ƙasar Indiya, yara 23 suka mutu bayan cin abincin rana a makaranta. Bincike ya gano maganin ƙwari mai suna monocrotophos a cikin man da aka yi girki da shi, kuma 'yan sanda sun ce an zuba man ne a mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin. Mai dafuwar ta ga launin man ya sake, ta faɗa, ba a saurare ta ba. A 2016 kotu ta ɗaure shugabar makarantar shekara 17.

Kafin nan, a watan Oktoba 1999, a ƙauyen Tauccamarca na ƙasar Peru, yara 24 suka mutu bayan shan madarar safe ta makaranta. Wani farin garin maganin ƙwari mai kama da garin madara ne ya shiga cikinta. Gargaɗin da ke jikin irin wannan magani da Sifaniyanci aka rubuta shi, alhali mutanen ƙauyen da yarensu na Kecuwa suke magana.

'Yan uwa, ku duba da kyau. Abu biyu suka kashe yaran nan: mazubin da aka sake amfani da shi, da gubar da aka ajiye kusa da abinci. Duka biyun muna da su a nan. Wa bai taɓa ganin bidon maganin feshi ya koma na ruwa ko na mai ba? Wa bai ga piya-piya a kwalbar da babu rubutu ba, a kasuwa kusa da mai sayar da ƙosai? Maganin kaska da muke wanke shanu da shi ma guba ne. Kuma yaro ba kamar babba ba ne: jikinsa ƙarami, wasansa a ƙasa, hannunsa kullum a baki. Abin da zai sa babba ciwon kai kawai yana iya kashe shi.

To me doka ta yi a wasu wurare? A jihar Kalifoniya ta Amurka, dokar 2000 ta tilasta wa makarantun gwamnati su sanar da iyaye kowace shekara irin maganin da za su yi amfani da shi, su kuma kafa allon gargaɗi awa 24 kafin feshi, ya zauna har awa 72 bayansa. Daga 1 ga Janairu 2018 aka ƙara da cewa manomi ba zai yi feshi da jirgin sama ko da injin da ke watsa magani cikin iska ba a tazarar kusan mita 400 daga makaranta, daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe 6 na safe zuwa 6 na yamma. Amfanin irin wannan doka shi ne ta faɗi tazara, ta faɗi lokaci, ta faɗi wanda za a tuhuma.

A yankinmu ma ba a zauna haka nan ba. Ƙasashen ƙungiyar CILSS, ciki har da Nijar da Cadi, sun kafa kwamiti ɗaya na tantance maganin ƙwari, wanda ya fara aiki a 1994. A 2007 aka hana endosulfan, maganin auduga da ya kashe mutane da dama a arewacin Benin. Nijar kuma ta yi dokar kare tsirrai a 1996, ta sake sabuwa a 2015, kuma a ƙarƙashinta sai maganin da aka amince da shi ya halatta a sayar. Amma doka tana takarda, kwalba tana kasuwa. Idan iyaye ba su buɗe baki ba, ba ta isa ɗakin girkin makarantar daji.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowane reshe ya kai gaban magajin gari da kwamitin kula da makaranta, wato COGES, a rubuta a sa hannu.

Na ɗaya, kada a ajiye maganin ƙwari ko na kaska a ɗakin da ake ajiye hatsi, mai ko madarar yara.

Na biyu, kada bido ko duro da ya taɓa ɗaukar magani ya shiga makaranta. Wanki ba ya fitar da gubar duka. A ɗauraye shi sau uku, a huda shi, don kada kowa ya sake amfani da shi.

Na uku, idan za a yi feshin fara ko na gona kusa da makaranta, a sanar da direkta da iyaye tun da wuri, da Hausa, da Fulatanci, da Buzanci, kuma a yi shi lokacin da yara ba su nan.

Na huɗu, makiyayi ya samu kujera a cikin kwamitin. Wanda zai tafi mashekari ya bar wakili.

Na biyar, mu ma mu gyara namu. Kada mu wanke shanu da magani kusa da rijiyar da yara ke sha. Kada mu aiki yaro ya sayo ko ya dama. Ku duba layin launi a ƙasan takardar kwalba: ja shi ne mafi haɗari.

Abu na ƙarshe, ku riƙe alamomin nan: dalalar miyau, zufa, amai, makyarkyata, ƙanƙancewar ƙwayar ido, da wahalar numfashi. Mun saba ɗura wa wanda ya sha guba nono, to nono ba ya karya wannan guba, jinkiri kawai yake jawowa. Kada a tilasta masa amai. A cire masa tufafin da maganin ya taɓa, a wanke jiki da sabulu, a garzaya likita tare da kwalbar, don da sunan maganin ne za a san allurar da ta dace.

Saniyar da ta ɓata ana bin sawunta, amma rai idan ya tafi ba ya da sawu. Duk wanda ke da yaro a makaranta, kafin ya tashi da garke bana, ya je ya ga ɗakin abinci da idonsa, ya tambayi inda bidon mai ya fito.

Allah ya tsare mana zuriya, ya ba mu damina mai albarka.