Daga Macijin Nokia Zuwa Gudun Babangida: Wasannin Gem Da Abin Da Suka Mai Da Mu

 

Lokacin da sakataren ƙungiya ya ce in zaɓi abin da zan yi magana a kai, na ce masa wasan gem, sai ya yi shiru, sa'an nan ya tambaye ni ko na manta cewa malamai za su halarta. Ban manta ba. Akwai wanda ke zaune a layin gaba a yau wanda ya taɓa kamo mu, mu huɗu, a wani shago bayan tasha ranar Alhamis, alhali muna da jarrabawar lissafi washegari. Allah Ya saka masa da alheri, bulalar ta shiga. Amma ina roƙon a yi mini haƙuri a saurara, domin abin da muka ɗauka wasan yara ne a wancan lokaci ya zama sana'ar da masu ƙididdigar kasuwa suka ƙiyasta ta tara sama da dala biliyan 180 a shekarar 2023, kuma kusan rabin kuɗin daga wayar hannu ya fito, wato daga aljihun irinmu da 'ya'yanmu.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, aikin ya koya mini cewa in kana son gane al'amari, ka duba ta ina kuɗi ke shiga. To haka zan bi wannan tarihi.

Da fari dai sulalla ake jefawa. A 1972 kamfanin Atari na Amurka ya fito da Pong, wasan da bai wuce sanduna biyu da ɗigo ɗaya yana kai da komowa ba. Aka ajiye akwatin gwaji a wata mashaya a Kalifoniya, ba a daɗe ba aka ce ya lalace, da aka buɗe sai aka tarar kuɗi ne suka cika ma'ajin har suka toshe shi. Space Invaders ya biyo baya daga Japan a 1978, sai Pac-Man a 1980. Duk an ƙera su ne yadda mutum zai mutu da wuri ya sake jefa kuɗi. Daga nan aka soma sayar da na'urar gida, kowane kamfani ya shiga zuba kaset na banza a kasuwa, har mutane suka gaji suka daina saye. A 1983 kasuwar ta durƙushe a Amurka, Atari ta kwashi kaset ɗin da suka yi kwantai ta binne a wani juji a jihar New Mexico. An tono wasu a 2014.

Wanda ya tada gawar shi ne Nintendo, kamfanin birnin Kyoto da ya soma da buga karta tun 1889. Ya fito da na'urar Famicom a 1983, sa'an nan Shigeru Miyamoto da abokan aikinsa suka yi Super Mario Bros. a 1985. Dabararsu ita ce babu mai yin kaset don na'urarsu sai da izininsu, kuma sai ya biya. Har yau a kan wannan tsari masu ƙera na'urar gem ke cin abinci.

To amma mu nan Baure, wa ya taɓa ganin Nintendo ta ainihi? Jabu ce ta iso mana, ta hannun fatake masu sayo kaya daga kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko ta bakin iyaka. Kun tuna kaset ɗin nan ruwan ɗorawa da aka rubuta wasa 999 a jikinsa, in ka duba sai ka ga wasa biyar ne ake ta maimaitawa? Da bindigar roba ta harbin agwagwa? Da wancan ɗan akwati mai cin batir biyu da muke kira gem ɗin bulo? Shi wannan jikan Tetris ne, wanda wani injiniya, Alexey Pajitnov, ya ƙirƙira a Mosko zamanin Tarayyar Sobiyet. Da yake ma'aikacin gwamnati ne, gwamnati ce ta mallaki haƙƙin wasan, bai soma samun rabonsa ba sai 1996. Na ji tausayinsa ƙwarai, don na san zafin jiran ariyas.

Sai Maciji. Kamfanin Nokia ya sa shi cikin wayarsa a 1997, wani ɗan ƙasar Finlan mai suna Taneli Armanto ya shirya shi, aka sabunta shi a Nokia 3310 a shekarar 2000, mu kuwa wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001. Kafin sabis ya wadata a ƙauyukanmu, wayar yayanka ba ta da wani aiki sai haska hanya da wasan Maciji. Abin da ya sa na ɗauke shi da muhimmanci shi ne, shi ne wasa na farko da ya shiga hannun wanda bai taɓa niyyar sayen gem ba: direba a tasha, mai shayi, matar aure, har da limamin unguwarmu, ko da yake bai taɓa amsawa ba. Kamfanoni suka lura cewa ashe kasuwar ba ta yara kaɗai ba ce.

Amma in ana maganar abin da ya zama al'ada a wurinmu, babu kamar ƙwallo a PlayStation. Sony ya fito da na'urar a ƙarshen 1994, kuma maimakon kaset sai ya yi amfani da faifan CD, mai arhar bugawa, mai sauƙin kwafa. Wannan sauƙi shi ya haifi gidan gem a kowane gari. Mutum ya samu talabijin biyu, benci uku da ɗan janareto, ya rataya labule, shi ke nan ya zama mai sana'a. Wasan da ya riƙe waɗannan shaguna shi ne Winning Eleven na kamfanin Konami, wanda daga baya muka sani da Pro Evolution Soccer. Ƙa'idarmu a lokacin, wanda aka ci shi ke biya, wanda ya ci ya zauna har sai an tada shi. Saboda haka ɗan mai kuɗi ba shi da fifiko kan ɗan talaka, sai ma ya zama shi ke ciyar da shago. Mutum biyu ke riƙe da hannu, amma ashirin ke tsaye a baya suna koyarwa, suna zolaya, suna raba gardama. Na san waɗanda suka koyi tutocin ƙasashen duniya da sunayen biranen Turai a can, ba a ajin labarin ƙasa ba, malamanmu su gafarce ni.

Kuma a cikin wannan wasa akwai namu. Tijjani Babangida, haifaffen Kaduna, tsohon ɗan wasan Ajax, yana cikin tawagar da ta ciyo mana zinariya a Atlanta a 1996, shi ne kuma ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar cin kofin Afirka a Legas a 2000. Japanawan da suka shirya Winning Eleven sun ba shi gudun da kusan babu kamarsa a wasan. Ka jefa masa ƙwallo ta gefen dama, ka danne maɓallin gudu, sai dai a ɗauko ta a raga. A shagonmu har doka aka kafa cewa ba a ɗaukar Nijeriya sai an jefa kwabo. Na girma kafin na gane cewa ba mu kaɗai ba ne: daga Turkiyya har Kudancin Amurka akwai magidanta da suka san sunan Babangida, ba don sun taɓa kallonsa a fili ba, sai don sun taɓa tuƙa shi da babban yatsa. Wani mutum a ofis a Japan ya rubuta lamba ɗaya, ta kai sunan ɗan Arewa inda jarida ba ta kai shi ba. Wannan shi ne ƙarfin abin da muke rainawa.

Ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Akwai abokinmu da kuɗin rajistar jarrabawa ya ƙare a gidan gem, ya maimaita shekara. Damuwar iyaye kuwa ba a nan ta soma ba: zubar da jinin da ke cikin Mortal Kombat ya kai har Majalisar Dattawan Amurka ta zauna a kansa a 1993, abin da ya sa a 1994 aka kafa hukumar da ke rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. Mu dai faifanmu a leda yake zuwa, babu wanda ya taɓa karanta mana wannan.

To jama'a, ga inda nake son a buɗe kunne. Gidan gem, duk da laifinsa, yana da ƙofa. Ana rufe shi in an kira salla, wuta na ɗaukewa, kuɗi na ƙarewa, malami na iya leƙowa. Yau hanyar karɓar kuɗi ta sake. Wasanni irin su Free Fire, wanda ya fito a 2017, da PUBG Mobile na 2018, kyauta ake sauke su, an kuma ƙera su yadda za su yi aiki a ƙaramar waya. Sai yaro ya shiga tukuna a soma sayar masa da riga da bindiga da lu'ulu'u, a ba shi tukuici in ya leƙo kullum, ya yi asara in ya tsallake rana. Wasan da, burinsa ka mutu ka sake biya. Na yanzu burinsa kada ka tashi. Kuma a waya ɗaya, tsakanin wasan ƙwallo da dandalin cacar ƙwallo taɓawa ɗaya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sa jarabar wasan gem cikin jerin cututtuka. Ɗana na fari shekararsa tara, kuma na taɓa farkawa ƙarfe biyu na dare na ga haske a ƙarƙashin bargonsa. Babu benci, babu 'yan kallo, babu malamin da zai kamo shi.

Hanawa ba za ta yi ba, mu shaida ne, an hana mu ba mu hanu ba. Ƙasar Saudiyya ma da kanta ta shirya gasar duniya ta wasannin gem a Riyad a 2024, da kyautar da ta haura dala miliyan 60. Abin da ke ci mini rai shi ne shekara talatin muna saye, ba mu sayar da komai ba. A Legas akwai kamfanin Maliyo Games tun 2012, wanda har ya yi aiki da Disney. A Kamaru matasan Kiro'o Games sun fito da Aurion a 2016. Mu fa? Muna da dara, gurbi talatin da 'ya'ya goma sha biyu-biyu, wadda tsofaffi ke bugawa a gindin bishiya, ƙa'idarta ba ta fi ƙarfin ɗalibin da ya fara koyon shirya manhaja ba. Muna da langa da dambe da kokawa. Mu da muke da rijiyar Kusugu da labarin Bayajidda a nan Daura, mun ƙare da kiwon macijin Finlan.

Don haka, ranka ya daɗe Shugaba, ina da roƙo biyu ga wannan taro. Na farko, cikin gudummawar bana a ware wani abu don gyara kwamfutocin makaranta da sa musu sola. Na biyu, 'yan'uwanmu da suka karanta kimiyyar kwamfuta su riƙa zuwa ko da Asabar ɗaya ce a wata su koya wa yara Scratch, manhaja ce ta kyauta da aka yi musamman don yara su shirya wasa da kansu. A ƙarshen shekara a yi gasa: wanda ya mai da dara wasan waya, kyautarsa na wuyana, daga albashina, in ya shigo a kan kari. Na riga na ba sakatare sunana, takardar kuma tana wurinsa ga mai son ya sa nasa kafin a tashi cin abinci.