Kankaren da Ya Dace da Cike Ramin Gareji

Cike ramin da injin ɗaga mota zai zauna a kai yana buƙatar kankare mai ƙarfi, domin nauyin mota duka kan gindin injin yake sauka. A garejojin Wurno, Rabah da Goronyo, simintin Kalambaina yana kusa, amma yashin gulbin Rima sai an tace shi daga laka. Haɗin da ya dace shi ne awo 2 na siminti, 3 na yashi, 6 na tsakuwa, da ruwa kaɗan. A sassaƙe tsohon daɓen da ke gefen ramin, a huda shi a dasa rodi, kaurin sabon kankaren kuma ya kai inci 6. Zafin Sakkwato kan tsattsaga kankare, saboda haka a rufe shi da jiƙaƙƙen buhu kwana 7. Sai bayan kwana 28 za a kafa injin.